Mene ne kishiyar "harass" da "bother" a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai shirin rubuta JAMB. Ina bitar ɓangaren da ake cewa a zaɓi kalmar da ta saɓa wa wata a ma'ana, sai na tsaya a kan "harass". Da na duba ƙamus a waya ya jero mini kusan goma: soothe, comfort, appease, assist, leave alone da sauransu. Wacce ce ta gaskiya? Kuma kishiyarta ɗaya ce da ta "bother"?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya zube miki kaya a tabarma ya tafi bai ce ga na wane ba. Waɗannan kalmomi ba su da kishiya guda tak irin ta fari da baƙi. Gwada da Hausa ki gani. Mene ne kishiyar tsangwama? Wani zai ce ƙyalewa, wani ya ce rarrashi, kuma kowannensu yana da gaskiya, don hanya biyu ce. Ko dai ki janye ki bar mutum ya sarara, ko ki matso ki kwantar masa da hankali. Haka abin yake a Turanci.

Bari mu fara da nauyin kalmomin kansu. "Bother" ita ce mai sauƙi, damu ce ta yau da kullum: yaro yana jan zanen uwarsa tana tsaka da tuƙin tuwo. Ta bayyana a rubutu a ƙarni na 18, yawanci a alƙalamin marubutan ƙasar Ailan. "Pester" naci ne, maimaita roƙo har mutum ya gaji. Ta fito daga wata kalmar Faransanci mai nufin yi wa dabba dabaibayi a wurin kiwo, wato an hana ka sakat. "Harass" ta fi su zafi. Ita ma daga Faransanci ta shigo a farkon ƙarni na 17, kuma masana asalin kalmomi suna danganta ta da ihun da mafarauta ke yi idan za su cuna wa dabba kare. Riƙe wannan hoton, zai yi miki amfani: wanda aka yi wa "harass" an bi shi, an addabe shi, ba sau ɗaya ba, kuma da gangan. Shi ya sa kalmar ta shiga harshen shari'a da dokokin wuraren aiki.

To, wanda karnuka suka biyo, me ya fi bukata kafin komai? A janye masa su. Don haka a ganina kishiya mafi kusa ita ce "leave alone", ko "let be", ko "leave in peace". Idan Bature ya ce "Leave me alone", abin da Bahaushe ke nufi ke nan da "ka shafa mini lafiya" ko "ka rabu da ni". "Give him some space" kuwa ita ce sarara masa. Wannan ma'ana ta yi nisa har lauyoyin Amurka biyu, Samuel Warren da Louis Brandeis, a wata maƙala da suka buga a 1890 kan haƙƙin sirri, suka bayyana shi da cewa haƙƙin mutum ne a ƙyale shi, "the right to be let alone".

Matsalarki ita ce masu shirya jarrabawa sun fi son kalma guda, don haka sau da yawa daga hanya ta biyu za ki ga zaɓin ya fito. A nan ne ake zamewa, domin kalmomin sun yi kama da juna amma kowacce da wurin zamanta.

"Soothe" lallaɓawa ce a hankali: uwa tana jijjiga jariri a baya, ko man zafi ya kwantar da ciwon gwiwa. Tana aiki a kan jiki da zuciya duka. Abin mamaki, asalinta a tsohon Turanci gaskata magana ne. Daga "gaskiyarka ne, gaskiyarka ne" da ake ce wa mai fushi don ya huce, ma'anar ta gangaro ta zama rarrashi. "Comfort" daga Latin take, tushenta ƙarfi ne, wato ƙarfafa gwiwar wanda ya karaya. "Console" ta fi zama a gidan makoki ko wurin wanda ya yi asara, bayan abin ya riga ya faru. "Reassure" kuma ta mai fargaba ce, kamar likita ya ce wa majinyaci sakamakon gwajin ba abin tashin hankali ba ne. Idan jimlar ta nuna damuwar ta taɓa zuciya, kamar "The news bothered her", to a cikin waɗannan za ki nema, kuma "reassured" ko "comforted" za su zauna daram. "Left her alone" ba za ta yi ba, don labari ba ya ƙyale mutum.

Akwai wasu uku da nake so ki yi hattara da su: appease, placate, pacify. Duk suna nufin sanyaya mai fushi, amma akwai ƙanshin ba da kai ko toshe baki a cikinsu. Tela ne ana gobe Sallah, mai kaya ya zo yana kumfar baki, shi kuma ya ɗauko rigar da ko wuya bai haɗa ba ya baza a kan keke, yana cewa "Alhaji, saura guga kawai". Wannan "placate" ya yi, bai yi "comfort" ba. "Appease" ta ɓaci tun 1938, lokacin da Firaministan Birtaniya Neville Chamberlain ya amince a Munich a bar wa Hitler wani yanki na Cekoslobakiya don a kauce wa yaƙi, shekara na zagayowa yaƙin ya ɓarke. Tun daga nan, a siyasa, kalmar ta zama kusan zagi. "Pacify" kuwa mu mun san ta a gida: cin Kano da Sakkwato da bindiga a 1903, Turawan mulkin mallaka "pacification" suka riƙa kiran irinsa a rubuce-rubucensu. Ita ce dai kalmar da Amurkawa suka samo sunan robar da ake sa wa jariri a baki ya yi shiru.

"Assist", "support" da "protect" suna shiga ne idan maganar ta masu iko ce. A jimla irin "The officials harassed the traders", kishiyar da ta dace ita ce "assisted" ko "protected", domin ba a ce jami'i ya rarrashi 'yan kasuwa ba, taimako da kariya ake nema a wurinsa.

Wadda ɗalibaina suka fi faɗa wa ita ce "ignore". Na taɓa ba wani aji wannan aiki, fiye da rabinsu ita suka rubuta, hujjarsu kuwa wanda ya share ka ai bai dame ka ba. Na ce da su, wanda ya yi sallama aka yi banza da shi, ku tambaye shi ko hankalinsa ya kwanta. Ƙyalewa girmamawa ce, shariya kuwa wulaƙanci ce, wani lokaci ma ita kanta hanyar muzgunawa ce. Kada ki zaɓe ta sai idan babu wadda ta fi ta a cikin jerin.

Sai tarko biyu ƙanana. "Let alone" tana da wata ma'ana daban, wato "balle": "He cannot buy a bicycle, let alone a car", keke ma ya gagare shi balle mota. Sannan "Don't bother" ba tana nufin kada ka dame ni ba, nufinta kada ka wahalar da kanka. Sai an ƙara "me" a ƙarshe take zama kora.

A ɗakin jarrabawa, ki cire kalmar daga jimla, ki sa kowane zaɓi a gurbinta, ki tambayi kanki: wa ya yi wa wa, kuma me aka taɓa, lokacinsa, jikinsa ko zuciyarsa? Wurin rubutu kuma ki tuna "harass" harafin r ɗaya gare ta da s biyu, "embarrass" ce mai r biyu. Allah ya ba da sa'a.