Muryar amsa: fayil ɗin da yake zuwa a lalace cikin imel

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena da ka yi tambaya jiya da daddare, sai yanzu na samu na saurare ka, ina cikin adaidaita sahu ne, in kun ji hayaniya ku yi haƙuri. Ka ce kana da fom a shafin yanar gizo da ka rubuta da yaren PHP, mutum ya cike ya ɗora takardarsa ta PDF, imel ɗin yana isa lafiya lau amma fayil ɗin wani lokaci bai zo ba sam, wani lokaci ya zo ya ƙi buɗuwa, har kana zargin ko Gmail ce take cinye shi. Bar zargin Gmail, ba ruwanta. Ko ban ga kod ɗinka ba na san abin da ka yi: mail() ɗin PHP, wato umarninta na tura imel, ka ɗauka, kana ɗinka wasiƙar da hannunka. Ko ƙarya na yi?

Ka ga, shi imel tun asalinsa rubutu zalla yake ɗauka, bai san wani hoto ko PDF ba. Sai a 1992 aka fito da tsarin MIME don a riƙa cusa fayil a ciki. Yadda ake yi, ana mayar da fayil ɗin haruffa da base64, kowane bayit 3 ya koma harafi 4, a yanka shi layi-layi kada layi ya wuce harafi 76, sannan a sa wata alamar iyaka tsakanin saƙonka da fayil ɗin. Iyakar nan tana farawa da ɗan karan layi biyu, ta ƙarshen kuma a ƙara mata wasu biyu a wutsiya. Ka manta biyun wutsiyar nan, ko ka manta layi guda da ake bari wayam bayan bayanan kai, wato su adireshin mai turawa da taken wasiƙa, shi ke nan, miya ta zube.

Ni abin nan ya taɓa wahalar da ni, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wata makaranta ce, ba zan kama suna ba, na yi musu tsarin tura wa iyaye sakamakon jarrabawa. A kwamfutata komai tsaf. Na ɗora a sabar, sai iyaye suka fara ganin wasu haruffa birjik kamar tururuwa sun zube a faranti, babu PDF babu dalilinsa. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ashe manhajar da ke fitar da wasiƙu a sabar ce take ninka alamar ƙarshen layi, sai ta raba bayanan kai gida biyu. Mai makarantar kuwa yana ta kirana, wai na zubar masa da mutunci a idon iyaye. Shi da bai ƙarasa biyana ba! Har yau cikon kuɗin nan yana wurinsa, kuma in mun haɗu a ɗaurin aure shi yake fara miƙo hannu yana dariya. To, Allah ya kyauta. Ina ma nake?

Yawwa, maganin abin shi ne PHPMailer, wani kod da aka riga aka rubuta don tura imel a PHP. Ka saka shi da Composer, manhajar saka irin wannan kod ɗin a PHP, ka kira addAttachment, umarninsa na maƙala fayil, duk wannan ɗinkin shi zai yi maka. Mai Node.js kuma ga Nodemailer nan, aikinsu ɗaya. Amma ka kula da abin da za ka miƙa masa. A cikin $_FILES, inda PHP take ajiye bayanin fayil ɗin da aka ɗora, akwai name, akwai tmp_name. Name ɗin sunan da fayil yake da shi ne a wayar mutumin, sabar ba ta da wani abu mai wannan sunan. Inda fayil ɗin yake zaune da gaske shi ne tmp_name, shi za ka fara ba addAttachment, sai name ya biyo baya don mai karɓa ya ga suna mai kyau. Kuma na wucin gadi ne, kod ɗinka yana gama aiki PHP za ta share shi. In sai an jima za ka tura, ka fara matsar da shi da move_uploaded_file.

A'a, dakata, na yi gaba da yawa. Tun da ka ce wani lokaci ba ya zuwa sam, fara duba fom ɗin kansa. Ka sa enctype, saitin yadda fom yake tura kayansa, ya zama multipart/form-data? In ba ka sa ba, fayil ɗin bai ma bar burauza ba balle ya kai ga imel. Amma kuma ka ce wani lokaci yana zuwa... to, ba wannan ba ce, na janye. Girma ne. upload_max_filesize, iyakar girman fayil a saitin PHP, in ba a taɓa shi ba MB 2 ne kacal, post_max_size kuma, iyakar fom ɗin gaba ɗaya, MB 8. Hoton takarda ɗaya da wayoyin yanzu ya isa ya haura 2 ɗin. Ka duba error a cikin $_FILES, in ka ga 1, to ga ɓarawonka nan.

Kada kuma ka ce za ka buɗe iyakar nan ta kai ko nawa. Gmail MB 25 ce iyakarta, ga base64 yana kumbura fayil da kusan kashi ɗaya cikin uku, mai MB 15 sai ya koma 20. Babban fayil ka ajiye shi a sabar ka tura adireshin saukewa kawai. Kuma ka tantance abin da ake ɗora maka, kar wani ya mayar da fom ɗinka jakin dakon ƙwayar cuta.

In ta Gmail za ka fitar, smtp.gmail.com ne, lambar ƙofa 587. Kalmar sirrinka ta yau da kullum ba za ta yi ba, tun 2022 suka rufe wannan hanyar, sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka ciro kalmar sirrin manhaja mai harafi 16. Batun SPF da DKIM kuma, hanyoyin tabbatar da cewa imel daga gare ka ya fito, kai, a bar shi sai wata rana, doguwar magana ce.

Yanzu ka yi print_r na $_FILES don ka ga abin da yake ciki, ka sa SMTPDebug na PHPMailer a 2 don ya nuna hirarsa da sabar imel, ka ɗauki hoton abin da ya fito ka turo nan. Ka goge kalmar sirri kafin ka turo don Allah, wancan makon wani ya watso mana tasa a fili. Malam, tsaya nan gaban masallaci, akwai canjin ɗari biyar?