Injin aikin kwamfuta: mai kai ɗaya ko mai kai huɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Zariya, shekara tara ina ɗinkin kaftani da babbar riga. Duk aikin wuya sai na kai wani shago a buga mini a kwamfuta, lokacin Sallah kuwa har mako biyu kayana ke yi a can. Na tara kuɗin sayen nawa injin. Wani dillali ya nuna mini na hannu mai kai huɗu, kuɗinsa kusan ɗaya da sabo mai kai ɗaya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sanya wa sana'a albarka. Ka ɗauki mai kai ɗaya. Injin mai kai huɗu zane ɗaya yake bugawa a kan riguna huɗu lokaci guda, shi ya sa ya dace da mai kwangilar bajen makaranta ko rigunan anko. Kai kuwa kowane mai ɗinki da zanen da yake so, wannan aska biyu, wancan aska takwas. Sai ka wayi gari kai uku na zaune, janareta na shan mai a banza.

Abin da za ka fi sa wa ido shi ne faɗin filin da allura ke iya zagayawa. Brother PR1055X inji ne mai kyau, allura 10 gare shi, amma filinsa santimita 36 ne a kwance, 20 a tsaye. Ya ishi mai rubuta suna da baje, bai ishi gaban babbar riga ba. Idan fili ya yi kaɗan dole ka kwance yadi ka sake ɗaure shi a tsakiyar aiki, kuma a nan zane ke gocewa. Shadda ba ta ɓoye ramin allura: ko ka warware zaren, tabon na nan. Ka nemi mai allura 12 ko 15, wanda filinsa ya kai kimanin santimita 50.

Tajima da Barudan na Japan sun yi suna wajen ƙarko, na Sin irin su Feiya sun fi araha. Sai dai kafin ka tambayi suna, ka tambayi wa ke gyara shi a Zariya, Kaduna ko Kano, kuma ina ake samun kayan gyaransa. Na ga shagon da inji mai tsada ya yi azumi guda a rufe da zani, saboda ƙaramin ƙarfe ɗaya da aka rasa.

Ranar ciniki ka je da ƙyallen shaddarka da zarenka. A sa zane mai tsawo, ka zauna ka ƙirga sau nawa zare ya tsinke, sannan ka juya bayan yadin ka ga ko zaren ƙasa ya cukurkuɗe. Kada gudun da aka rubuta ya ruɗe ka. Ko an ce yana ɗinki 1,200 a minti, aiki mai tsabta kan tafi a wajen 750, wato zane mai ɗinki 30,000 zai ci minti 40. Da wannan za ka yi lissafin rigunan da za ka fitar a yini.

Kuma don Allah kada ka zuba duk kuɗin a inji. Ka ware na sitabilaiza mai ƙarfi, domin wutar da ke hawa da sauka ƙwaƙwalwar injin take ƙonawa, ita ce kuma mafi tsada a jikinsa. Ka ware na zane ma. Injin ba ya karanta hoto, sai an mayar da zanen fayil irin na DST a manhaja kamar Wilcom, a sa masa a filashi. Kafin kai ko yaronka ku koya, ka samu mai haɗa maka zane ku daidaita farashi tun injin bai iso shago ba.