Kuɗin gida da kake tambaya a kai

Ɗana, saƙonka ya iso. Da na karanta na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai ko dole ne wanda ya fita neman abinci ya riƙa aiko wani abu gida duk wata, tunda iyayenka ba su taɓa tambayarka ba. Yo ina ka taɓa ganin uba mai kunya ya buɗe baki ya roƙi ɗansa?

Lokacin da Yaya, babban wan mahaifinka, ya tafi aiki ƙasar waje, babu waya a hannun kowa. Sai mu yi watanni ba mu ji ɗuriyarsa ba. Wata rana da la'asar wani baƙo ya yi sallama, ya zauna ya sha ruwa, sannan ya farke ɗinkin cikin rigarsa ya zaro ambulan duk gumi ya jiƙa ta. Ni aka kira in karanta wasiƙar, don ni ne ɗan makaranta. Kakanka bai taɓa kuɗin ba sai da na kai ƙarshe. Yaya ya gaida kowa da sunansa, har da tsohuwar maƙwabciyarmu. Kakarka ta sa na maimaita inda ya ce yana lafiya, tana share ido da gefen mayafi. Sannan aka ƙirga. Aka fara da bashi, aka cire kuɗin makarantata da na maganin kakarka, ragowar kuma kakanka ya ƙulle a tsumma ya ce ba mai taɓawa. Yakan ce wanda ya cinye kuɗin matafiyi kaf, ya cinye masa hanyar dawowa.

Kada ka zaci mu kaɗai ne. Bankin Duniya ya ce a 2023 sama da dala biliyan 650 aka aika gida a ƙasashe masu tasowa, Indiya kaɗai ta karɓi fiye da biliyan 100. A 2020, da korona ta rufe duniya, an yi hasashen kuɗin zai ragu da kusan kashi 20 cikin 100, amma raguwar ba ta kai kashi 2 ba. Mutane sun matse bakin aljihunsu don kada tukunyar gida ta sauka.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, kuɗi na shiga waya cikin minti ɗaya, babu gaisuwa, babu tambayar waye ba shi da lafiya. Na gida ma suna da nasu laifin. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun ajiye sana'a suna jiran ƙarshen wata, alhali mai aikowar ko barci bai ishe shi ba. Kakanka da ya ga haka ba zai yi shiru ba.

Nawa za ka aiko, ko duk wata ne, wannan sai ka zo mu zauna. Kafin nan ka kira mahaifiyarka, ka tambaye ta waye ke saya mata magani.