Amsa: mi ya sa ake karrama masu binciken gyaran DNA?

Ɗan uwa ka ce mi ya sa ake ba mutum lambar yabo alhali bai ƙera magani ko ɗaya ba. To tsaya ka ji. DNA ɗinmu, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado cikin ƙwayoyin jikinmu, kullum lalacewa take, ranar nan ta Tahoua da ke gasa mu cikin watan afirilu, ita kaɗai ma tana ɓata ta cikin fata, amma jiki na da masu gyaransa da ke yanke wurin da ya ɓaci su sa sabo, kamar tela da tsagaggen wando. A 2015 aka ba mutum 3 Nobel na kimiyyar sinadarai kan wannan: Tomas Lindahl, Paul Modrich da Aziz Sancar. Shi Sancar ɗan Turkiyya ne, iyayensa ko lakkwal ba su yi ba wallahi, kuma shi ya gano yadda jiki ke gyara ɓarnar hasken rana. Akwai yaran da ake haifa babu wannan gyaran, rana kaɗan sai kansar fata tun suna ƙanana. Kuma maganar magani, wasu magungunan kansar nono na yanzu daga irin wannan binciken suka fito, sai dai tsada kam ba a magana.