Tambaya da Amsa: Batir biyu na saya, har yau sai an tura ni

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Ni direban tasi ne a nan Kumasi, a Aboabo nake zaune. Cikin wata bakwai batir biyu na saya amma kusan kullum da safe in na murɗa makulli sai dai in ji kas-kas-kas, sai yaran unguwa sun tura ni, yanzu har ɓuya suke in sun hango ni. Da rana kuwa lafiya lau take tashi. Na kai ta Suame Magazine, unguwar makanikai, wani yaro ya cire kan batir mota na aiki, ba ta mutu ba, ya ce wai altaneta ƙalau take, in sake sayen batir. Anya kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai da kuɗinka aljihu tukuna. Batir kamar randa yake, altaneta ce famfon da ke cika shi, to in famfo ba ya kawo ruwa ko kuma wani na kwasa da dare, ko randa goma ka saya wayam za ka tarar da ita.

Abin da yaron nan ya yi kuwa, kar ka ƙara barin kowa ya yi maka shi. Dabarar zamanin tsofaffin motoci ce, motar yanzu tana da kwamfuta a ciki, batir ne ke tare wutar in ta yi tsalle, ka cire shi inji na aiki kana iya ƙona kwamfutar ko altanetar ita kanta, kuma wallahi gwajin ma ba ya nuna komai sosai.

A sa mitar auna wuta a kan batir a gabanka kana kallo. Motar da ta kwana a kashe, cikakken batir zai ba da wajen bolt 12.6, in ka ga 12.2 ya yi rabi ke nan. A tada inji, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.5, sai a kunna fitilu da fanka da rediyo a ga ko zai riƙe. In ya tsaya a 12 da wani abu, caji ba ya shiga, a duba bel ko ya saki (shi ne wannan kukan ƙiii da safe) sannan a buɗe altaneta a duba burushinta. In ya haura 15 kuwa regileta, mai daidaita wutar caji, ce ta lalace tana dafa maka batir, za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Amma ni inda zargina ya fi karkata shi ne wani abu na shan wutar da dare, tunda ka ce da rana ba ta yi maka gardama. Ga gwajin da ba sai ka biya ko sidi ɗaya ba: yau in ka ajiye mota ka kashe, ka kwance kan batir mai alamar ragewa, baƙar waya, da asuba ka mayar. In ta tashi tashi ɗaya to ɓarawon yana cikin motar. Yawanci rediyo ne ko sifika da aka jona kai tsaye da batir, ko fitilar but da ba ta mutuwa, ko kuma dayod ɗin altaneta, mai hana wuta komawa baya, ya ƙone, wannan shi ne mugun, da rana tana caji da dare tana tsotsewa. Mai gyaran wuta na kirki zai auna, in motar ta yi barci bai kamata ta ja fiye da miliyamf 50 ba, sai ya riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har mita ta faɗi.

Kana kwance kan nan ka duba ko farin garin nan ya taru a kai, ka wanke da ruwan zafi ka goge da burushin ƙarfe ka ɗaure tamau. In kuma batirinka mai marfi ne, tataccen ruwan batir (distil) za ka zuba, ba fiya wata na leda ba.