Alheri, Kirki da Jinƙai: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wata malamar makarantar Lahadi daga Sabon Gari ta rubuto cewa tana shirya wa yara darasi kan taimakon jama'a, sai ta ga wani wuri an ce "alheri", wani wuri "kirki". Ta ce, shin abu ɗaya ne?

Malama, ba ɗaya ba ne, ko da yake 'yan gida ɗaya ne. Alheri daga Larabci muka aro shi, "al-khair", shi ya sa za ki ji wasu na cewa alhairi ko alkhairi. Abu ne da ake yi wa mutum: an yi masa alheri, ya ga alheri, ya rama alheri. Kirki kuwa hali ne da ke zaune a jikin mai shi. Muna cewa mutumin kirki, ko wane ba shi da kirki. Attajiri yana iya raba buhun shinkafa ranar Kirsimeti, alheri ne babu shakka, amma idan yana yi wa ɗan garuwar da ke kawo masa ruwa tsawa kullum safiya, ba wanda zai kira shi mutumin kirki a unguwa.

Akwai kuma abin da ya kamata ki lura da shi. Tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da ta fito cikakkiya a 1932, kalmar alheri ta ɗauki wani nauyi a bakin Kirista: baiwar da Allah yake yi wa mutum ba don ya cancanta ba. Ita ce a addu'ar rufe sujada, inda ake ambaton alherin Ubangiji Yesu Almasihu. Kirki kuma yana cikin halayen da aka jera a Galatiyawa 5:22. In za ki koya wa yara, ki fara da alheri, domin aiki ne da za su iya yi yau, kamar ɗaukar wa tsohuwa kaya daga kasuwa. Kirki yakan biyo baya idan aikin ya zama jiki.

Wani matashi kuma ya tambaya ko "alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza" ya saɓa wa koyarwar Luka 6:35, inda aka ce a yi alheri ba tare da sa ran sakayya ba.

Ɗana, sai ka fara sanin danƙon kansa. Abu ne mai yauƙi da maƙewa. Ko ina ya faɗi sai ya taso da wani abu, ko ƙasa ko tsinke. Karin maganar tana bayyana halin alheri ne, ba ta yi wa mai bayarwa alkawarin cewa wanda ya taimaka shi zai biya shi ba. Ba ta faɗi wanda zai rama ba, ba ta faɗi yaushe ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a mai da ita lissafi, kamar adashi: na zuba, sai a ba ni ɗauka. Wanda ya fahimce ta haka, da zarar ya ga an manta da shi sai ya koma gori, wato tuna wa mutum abin da aka yi masa don a ƙasƙantar da shi. A wurin Bahaushe gori yana rushe alheri gaba ɗaya, kuma a nan al'ada da Matiyu 6:3 suka haɗu, inda aka ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake bayarwa. Ni a ganina karin maganar da ta fi dacewa da wa'azi ita ce "alheri gadon barci ne", domin ladan da take nunawa shi ne kwanciyar hankali, wadda ba ta jiran godiyar kowa.

Tambaya ta uku gajeruwa ce: mene ne bambancin tausayi da jinƙai? Tausayi a zuciya yake. Kana iya jin tausayin mai kwance a bakin titi daga cikin adaidaita sahu, ka wuce abinka. Jinƙai kalmomi biyu ne aka haɗe, "ji" da "ƙai", wanda muke ji a "Allah ya ji ƙansa", kuma kusan kullum aiki yake nufi. Dubi Basamariyen nan na Luka 10, wanda ya tarar da mutumin da 'yan fashi suka ji wa rauni a hanya: ya ji tausayi, sa'an nan ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya bar dinari biyu, ya ce in an kashe fiye da haka zai biya. Jinƙai ke nan, har da kuɗin jinya.

Wata uwa daga Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, ta ce sun sa wa taronsu take "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", amma 'yan matan da suka tashi a birni ba su san jinka ba. Mama, jinka rufin ɗakin ciyawa ce. A ƙasa ake haɗa ta, a ɗaure itatuwan, a baibaye da ciyawa, sa'an nan a kira maza su kewaye ta su ɗaga a lokaci guda su ɗora bisa ginin. Idan gefe ɗaya ya yi jinkiri, sai ta karkace ko ta ɓalle. Don haka maganar ba ta yawan mutane kaɗai ba ce, ta haɗa baki ce. Idan za ku tallafa wa gwauruwa, ku raba aikin tun farko: wa ke kai abinci, wa ke raka ta asibiti, wa ke duba kuɗin makarantar yara. Kuma ku tuna "zumunta a ƙafa take", turo kuɗi ta waya bai ɗauke ziyara ba.

Gyara guda ga masu wa'azi da Hausa: kada a ce "ku yi soyayya da maƙwabtanku". Soyayya ta saurayi da budurwa ce. Kalmar da ake nema ita ce ƙauna, da ƙ mai lanƙwasa: ka ƙaunaci maƙwabcinka. Haka kuma "taimake shi" da "taimaka masa" duk daidai ne, amma in suna ya biyo baya sai a ce "taimaki maraya" ko "taimaka wa maraya".