Tambaya da Amsa: Kwamitin Majalisar Jiha Kyanwar Lami Ne ko Yana Cizo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wata hukumar jiha. Kowace shekara 'yan kwamitin majalisa kan zo, a zagaya da su ofisoshi, a ɗauki hoto, su tafi. Doka ce ta ba su wannan iko ko al'ada ce kawai? Idan sun gano ɓarna, me za su iya yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Doka ce. A ƙasashen da ke bin tsarin tarayya, irin su Najeriya, Amurka da Indiya, majalisar jiha ce ke amincewa da kuɗin da gwamnatin jiha za ta kashe, don haka ita ke da hakkin bin sawun kuɗin. Tunda zauren majalisa ba zai iya duba kowace ma'aikata ba, sai a raba aikin ga kwamitoci: na lafiya, na ilimi, na ayyuka da sauransu.

A Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, sashe na 103 ne ya ba majalisar jiha damar kafa kwamitoci. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar duk wata ma'aikata ko hukuma da ke aiwatar da dokokinta ko kashe kuɗin da ta ware, amma da manufa biyu kawai: yin doka ko gyara ta, da kuma tona asirin cin hanci, sakaci ko almubazzaranci. Sashe na 129 ya ƙara da ikon kiran shaida, rantsar da shi, neman takardu, da bayar da sammacin kamo wanda ya ƙi amsa gayyata ba tare da uzuri ba. Ɗan sanda ko wanda kakakin majalisa ya wakilta shi ke zartar da sammacin.

Sai dai kwamiti ba kotu ba ne. Ba ya ɗaure kowa, ba ya korar ma'aikaci. Rahoto yake rubutawa ya kai zaure, zaure ya amince ko ya yi watsi da shi. In an amince, ana iya miƙa batun ga masu gabatar da ƙara, ko a nemi gwamna ya ɗauki mataki, ko a gyara dokar da ta kafa hukumar. A ganinmu, inda ƙarfinsa yake shi ne lokacin kare kasafi: shugaban hukumar da ya raina kwamiti a tsakiyar shekara, gabansa zai dawo a ƙarshenta yana roƙon kuɗin baɗi.

Tambaya: Me ya kamata kwamiti ya duba idan ya je ganin aiki? Ina ganin kamar yawon buɗe ido kawai suke yi.

Amsa: Sau da yawa hakan ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin sa ido a kan takarda yake farawa, makonni kafin a hau mota. Sakataren kwamiti zai rubuta wa hukumar ya nemi kasafin da aka amince mata, takardun sakin kuɗi daga ma'aikatar kuɗi, takardar ba da kwangila, jadawalin kayan aiki da adadinsu, takardun shaidar da injiniya ya sa wa hannu a kowane mataki, da baucocin biyan kuɗi. Daga nan ake fitar da lambobi uku a jera su: nawa aka ware, nawa aka saki, nawa aka biya.

Ga misali. A ce an ware miliyan 500 don gina ajujuwa 50, an saki miliyan 200, hukuma ta biya ɗan kwangila 190. Kwamitin da bai yi shiri ba zai je ya tarar da ajujuwa 12, ya hau shugaban hukumar da faɗa a kan saura 38. Wanda ya karanta takardunsa ya san tambayoyi biyu ne a nan, kuma mutum biyu ne za su amsa su. Miliyan 300 da ba a saki ba, kwamishinan kuɗi da akanta janar za a tambaya. Ita kuwa hukuma, abin da za ta yi bayani shi ne yadda kuɗin ajujuwa 19 suka gina 12. A wurin ginin ma ba fenti ake kallo ba. Ana riƙe da jadawalin kayan aiki ana gwadawa: kaurin rodi, kaurin kwanon rufi, yawan tagogi, zurfin harsashi. Kuma kwamiti ne zai zaɓi wurin da za a je. Idan hukuma ce ta zaɓa, aikinta mafi kyau za ta nuna.

Babban abin da ke kashe wannan aiki shi ne hukumar da ake bincika ta ɗauki nauyin mota, masauki da alawus na masu bincikenta. Idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Sai kuma ƙarancin hannu: sashe na 91 ya ƙayyade 'yan majalisar jiha tsakanin 24 zuwa 40, saboda haka mutum ɗaya kan zama mamba a kwamitoci da dama, alhali ba kowane kwamiti ke da akanta ko injiniyan da zai karanta masa takardu ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta magance wannan tun 1941, inda ta kafa ofishin ƙwararru marasa jam'iyya da aikinsu shi ne tantance wa majalisa kasafi.

Tambaya: Ina rahoton odita janar yake zuwa, kuma me ya sa ba mu jin an yi komai a kansa?

Amsa: Sashe na 125 ya ce odita janar na jiha, wato babban mai binciken kuɗin gwamnati, ya miƙa wa majalisa rahotonsa cikin kwana 90 daga ranar da akanta janar ya ba shi bayanan kuɗin shekara, majalisa kuma ta miƙa shi ga kwamitin kula da asusun gwamnati. Kwamitin zai kira babban sakatare ko shugaban hukuma, a bi tuhumomin ɗaya bayan ɗaya: kuɗin da aka biya babu rasit, kuɗin da aka ba ma'aikaci don wani aiki bai kawo lissafi ba, harajin da aka cire ba a zuba a asusu ba. Wanda ya kawo hujja a wanke shi, wanda ya kasa a ba da shawarar ya mayar.

Lura da giɓin: sashen bai sa wa akanta janar wa'adi ba, bai sa wa kwamiti ba, sai fa in dokar jiha ta sa. Rahoto na iya isowa bayan an yi wa jami'in canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, ya zama ihu bayan hari. Ita ma majalisa shekara huɗu take yi a rushe ta, rahoton da ba a kai zaure ba kuwa ya bi shanun sarki. A Birtaniya, inda aka kafa irin wannan kwamiti a 1861, ɗan adawa ake ba shugabancinsa. Jihar da jam'iyya ɗaya ta cinye duk kujeru ba ta da wannan zaɓi.

Tambaya: Kwamiti zai iya gayyatar gwamna?

Amsa: Gayyata dai ana iya yi, tilastawa ce ba ta yiwuwa, domin sashe na 308 ya hana a kama gwamna ko mataimakinsa muddin suna kan kujera. Wannan rigar kariya ba ta rufe kwamishina ko shugaban hukuma ba. Abin da ya fi ɗaure wa majalisa hannu shi ne kuɗin gudanar da ita kanta. An gyara kundi a 2018 don a riƙa ba majalisun jihohi kuɗinsu kai tsaye, Shugaba Buhari ya fitar da umarni mai lamba 10 a 2020 don tilasta hakan, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022, aka sake gyara kundin a 2023.

Tambaya: Na ji ana cewa a Amurka hukuma kan mutu da kanta. Gaskiya ne?

Amsa: A wasu jihohi, gaskiya ne. Doka kan sa wa hukuma ranar ƙarewa, in majalisa ba ta sabunta ta ba, ta rushe. Kolorado ce ta fara a 1976, Tekzas ta bi a 1977. A Tekzas yawanci duk shekara 12 ake duba kowace hukuma, kwamitin da ke duban kuma mutum 12 ne: sanatoci biyar, wakilai biyar, da mutum biyu daga cikin jama'a. Hukumar ce za ta kawo hujjar amfaninta, ma'aikatan kwamitin su yi nasu binciken, a saurari jama'a, sannan a ba majalisa shawarar a bar ta, a haɗe ta da wata, ko a soke ta. Galibi gyara ake yi, sokewa ba ta da yawa, amma sanin ranar na tafe kan sa hukuma ta kawo takardun da aka nema ba tare da jan ƙafa ba.